Ƙara Ce Za Ta Raba Gardama

Gazara, ta Makarfi
14 ga Oktoba, 1962

Zuwa ga taubashina Lawal, bakanike a ma'aikatar jirgin ƙasa, Ikko.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Ummuhani da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Goggo Kulu tana fama da gwiwa kamar kullum, amma tana dogara sanda har bakin rijiya. Uwargida Mero ta ce a gaida Ummuhani, a tambaye ta ko teba ta sa ta manta da miyar kuka. Ruwa ya ɗauke, dawa ta yi kyau, rake kuwa bana sai wanda ya gani.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Ajin Yaƙi da Jahilci ne ya koya mini, ba makarantar masu zanzaro da riga irinku ba.

Bayan haka, maganar motar nan ce da na saya bara don kai mazarƙwaila kasuwanni. Da damina ta kankama hanya ta yanke, sai muka tura ta rumfar bayan gida, muka kare ta da zana, ta zauna can har ruwa ya ja baya. Da muka fito da ita, Sa'idu ya zuba mai, ya juya hendil, ta tashi ba gardama. Ina nufin Sa'idu wan matarka, wanda ka kawo mini ka ce in ba shi tuƙi bayan cuta ta cinye masa shanu. In motar tana tsaye tana aiki, ba za ka ce akwai abin da ke damunta ba. Amma da an hau hanya an taka totur, sai ta yi kamar wani ya riƙe ta ta baya. Hawan nan na bayan rafi in za ka Kudan, wanda da take haye shi da kaya fal a giya ta biyu, yanzu ko babu komai a bayanta sai ta ɗaya, tana rarrafe. Shekaranjiya wani mai jaki ya wuce mu a wurin, har ya juyo ya yi mana sannu.

Ga shan mai na fitar hankali. Ga zafi: lagireto na tafasa, ƙasan ƙafar mutum ma sai ya ɗauki ɗumi. Mun lallaɓa da ita har Zariya, wani bakanike ya sauya fulogi, ya wanke kafireta, ya ce ta warke. Ta warke ɗin har muka fito daga gari.

Abu ɗaya dai na ji daɗinsa, hutun da ta yi ya koya mata ladabi. Da, in ta tashi, dokin da ke juya mana injin matse rake sai ya ɗaga ƙafa ya nemi tsinke igiya. Yanzu ko kunne ba ya kaɗawa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutane sun fara magana. Ana cewa direbobin zamani suna tsiyaye fetur su sayar, su cika tanki da kananzir, shi ke kashe wa mota ƙarfi. Ni ban ce Sa'idu ya yi ba. Amma motar nan ba mai taɓa ta sai shi, kuma in na tambaye shi sai ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai. Kai ka san ƙarfe, kai kuma ka kawo mutumin. Ka gaya mini gaskiya kafin a fara sara rake.

Allah ya sada mu da alheri. Naka,
Ja'afaru

Ebute Metta, Ikko
30 ga Oktoba, 1962

Zuwa ga Yaya Ja'afaru, sarkin mazarƙwailar Gazara.

Gaisuwa da girmamawa. Takardarka ta iso, rubutun kuma ya fi na wasu masu zanzaron. Muna lafiya. Ƙaramin yaron ya yi zazzaɓi amma ya tashi. Ummuhani tana gaida Mero, ta ce kukar da kuka aiko da ita bara ta ƙare tuni, in da hali a ƙaro. A gaida Goggo Kulu, a hana ta zuwa rijiyar nan.

Bayan haka, maganar mota. Daga Ikko ba na iya ganin abin da ke rumfarka, sai dai in yi tambaya kamar likitan da aka kawo wa labarin majiyyaci. Inji abu uku yake nema: mai, iska da wuta. Wuta kun taɓa, tunda an sauya fulogi. Saura biyu. Ka sa Sa'idu ya kwance tukunyar iskar da ke kan kafireta, ya duba ko ɓera ya yi sheƙa a ciki, don motar da ta yi damina a rumfa ba a raba ta da baƙi. Ya cire bututun mai ya hura, ya ga ko tsatsar tanki ta toshe shi. A kuma ɗaga ƙafafun baya a juya da hannu, ko birki ne ya kama. Sannan ka duba mini hayaƙinta: fari ne, baƙi ne, ko shuɗi?

Batun kananzir, ga yadda yake. Motar da aka ba kananzir tana wuyar tashi da sanyin safiya, tana fid da farin hayaƙi mai warin fitila, in an taka ta kuma injin yana ƙwanƙwasa kamar tsakuwa a gwangwani. Kai da bakinka ka ce taka tana tashi ba gardama. Wannan bai yi kama da kananzir ba.

Sa'idu kuwa na san shi tun kafin in auri ƙanwarsa. Ba mutum ba ne mai iya kare kansa da baki. In ka tuhume shi zai sunkuyar da kai ya yi shiru, kai kuma za ka ɗauki shirun a kan ya amsa laifi. Na san ka, Yaya. Tun muna yara in ka ɓatar da hularka sai ka mari na kusa kafin ka shafa kanka. Tuƙin nan shi ne abin da ya rage masa, kuma direban da aka yi wa shaidar satar mai ba wanda zai sake ba shi makulli daga Zariya har Kano. Ka bi a hankali.

Ban nuna wa Ummuhani ƙarshen takardarka ba.

Ƙaninka,
Lawal

Gazara
17 ga Nuwamba, 1962

Zuwa ga Lawal.

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya. Na ba wani ɗan Kudan mai zuwa kurmi kuka da kuɓewa ya kawo muku. An fara sara rake, an ɗora tukwane, gida duk ƙudan zuma.

Duk abin da ka lissafa mun yi. Tukunyar iska babu ɓera, babu jikan ɓera. Bututun mai tas yake. Ƙafafu suna juyawa. Hayaƙin da ka ce in duba, na tsuguna a bayanta har gwiwata ta gaji, ɗan abin da ke fitowa bai kai a ba shi launi ba. Kuma abin ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba.

Ranar kasuwar Kudan na sha kunyar da ban taɓa sha ba. Muka lodo mazarƙwailar farko, har da ta maƙwabta biyu da suka amince mini. A tsakiyar hawan nan ta tsaya cik, injin yana aiki amma ba ta gaba. Sai da aka sauke kaya a bakin hanya, 'yan kasuwa suka taru suka tura ta, ni mai mota ina cikin masu turawa da babbar riga. Kafin mu isa 'yan sarin Kano sun cika motocinsu sun tafi. Abin da ya fi ba ni haushi, ko irin rurin nan da mota ke yi in tana wahala ba ta yi. Tana ta ɗan huci a hankali kamar mai jin kunya. Na gaya maka doki ma ya daina sanin ta tashi.

Sannan ga wata sabuwa. Ɗan'azumi mai sayar da kananzir a kasuwar Ikara ya faɗa a bainar jama'a cewa Sa'idu ya sayi garwa guda cur a wurinsa, ba sau ɗaya ba. Me direba zai yi da garwar kananzir? Na tare shi a ƙofar gida na tambaye shi. Ya ce mutanen rugarsu a Furana ne ke haɗa kuɗi ya sayo musu na fitila, tunda shi ke da hanyar kawowa. Na ce to me ya kashe mini mota? Ya ce Allah ya sani. Na ɗaga murya, ban ɓoye maka ba, har maƙwabta suka fito. Shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar yadda ka ce zai yi, kuma wallahi sunkuyawar ta fi zagi ƙona mini rai.

Ka ce ba ta yi kama da kananzir ba. Na ji. Amma kana Ikko, kuma wan matarka ne. Ni rakena yana bushewa a gona. Ba dogon karatu nake so ba wannan karon. Ka faɗa mini abu ɗaya da zan yi a gane gaskiya, in yi shi.

Ja'afaru

Ebute Metta
1 ga Disamba, 1962

Yaya Ja'afaru,

Gaisuwa. Muna lafiya, kuka ta iso, an gode. A tsaye nake rubuta wannan, don an tura mu Inugu gyaran wasu kawunan jirgi, yau za mu tashi, kuma za mu daɗe.

Maganar dokin nan da ka maimaita ta tsaya mini a rai. Ka ce abu ɗaya kake so, ga shi. Kada a sake kwance komai a injin, ka kuma daina jayayya da Sa'idu a ƙofar gida. Ƙara ce za ta raba gardamar nan. Ka sa a saurare ta da kyau, a gaban mutum biyu ko uku masu natsuwa, shi ma Sa'idu yana wurin, ka rubuto mini abin da aka ji. In abin da nake zato ne, a ranar za a gane mai laifi.

Sauran bayani sai na dawo.

Lawal

Gazara
15 ga Disamba, 1962

Zuwa ga taubashina Lawal.

Gaisuwa mai yawa. Allah ya sa kun isa Inugu lafiya, ya dawo da ku lafiya. Mutanen gida ƙalau. Goggo Kulu ta daina zuwa rijiya, ba don maganarka ba, don gwiwar ce ta hana.

Takardarka ta zo, na karanta sau uku, na kuma ba Malam Uwaisu limaminmu ya karanta, ya ce abin da na fahimta shi ya fahimta. Gaskiya ban zaci haka daga gare ka ba. Na ɗauka za ka tsaya wa surukinka ko da me ya yi, sai ga shi kai da kanka ka ce a bar cacar baki a ƙofar gida a kai ƙara. Ka burge ni. Ni kaina abin ya yi mini nauyi, don mutumin ya ci tuwo a gidana, 'ya'yana suna ce masa Kawu. Amma tunda masanin ƙarfe ya ce nan ne za a gane mai laifi, ni wane ne.

Ranar Litinin na je Makarfi na shigar da ƙara gaban alƙali, cewa ina tuhumar direbana da tsiyaye mini fetur yana zuba kananzir har ya lalata mini mota. An sa ranar saurare bayan sati biyu. Mutane masu natsuwa da ka ce, na samu Malam Uwaisu da maƙwabcina Sani, ga kuma Ɗan'azumi zai zo daga Ikara ya ba da shaida. Da ɗan sandan alƙali ya kawo wa Sa'idu sammaci, yana ƙarƙashin motar yana dube-dube. Ya fito, ya goge hannu, ya karɓa da hannu biyu. Ya tambaye ni ko ka san da wannan. Na ce ai kai ka ba da shawarar, na ma nuna masa layin. Ya ninke sammacin ya sa a aljihu.

Abin da ban gane ba shi ne inda doki ya shigo cikin maganar. Ko so kake in kai shi shi ma ya ba da shaida?

Rake dai da jakuna muke kaiwa yanzu, kamar zamanin kakanninmu. Zan rubuto maka yadda aka ƙare.

Naka,
Ja'afaru

Ebute Metta
9 ga Janairu, 1963

Yaya Ja'afaru,

Gaisuwa. Jiya da yamma na dawo na tarar da takardarka tana jirana tun kafin Kirsimeti. Yau da safe na buga maka wayar telegiram ta Zariya cewa ka janye, ko da yake lissafi ya nuna mini an riga an yi zaman. Muna lafiya. Ban san yadda zan ci gaba da gaisuwa ba, don haka ka yi haƙuri.

Ƙarar mota nake nufi, Yaya. Ƙarar da ke fita daga salansa, bututun hayaƙin nan na baya. Na ce a saurare ta, wato a tsaya a bayan motar a kasa kunne. Na ce a samu mutum biyu ko uku don kunnen mutum ɗaya yana yaudararsa, na ce Sa'idu ya kasance a wurin don shi zai taka totur. Mai laifin da nake cewa za a gane wani ƙarfe ne. Na sake bitar abin da na tuna na rubuta, na ga yadda ya karantu a wurinka, kuma ban ga inda zan ce ka ƙara ko harafi ɗaya ba. A wurin aikinmu in an ce ƙara ba wanda ke tuna alƙali. Na manta wa nake rubuta wa, kuma a wane hali yake.

Ga abin da doki ya gaya mini. Motar da da take firgita shi, yanzu ba ya jin tashinta, kuma hayaƙinta bai kai a gani ba. Mota ba ta koyon ladabi. In ta yi shiru haka, hanyar fitar numfashinta ce ta toshe. Na ce maka inji abu uku yake nema, na bar na huɗu: abin da ya shaƙa sai ya fitar. Ka toshe hancinka da bakinka ka bar 'yar kafa, za ka iya zama a tabarma lafiya lau, amma ka gwada hawa tudu da buhu. Shi ya sa take aiki daidai a tsaye, take mutuwa a hawa, take zafi, take shan mai.

Ka sa a tada ta, ka kara tafin hannunka a bakin bututun, wani ya taka. Lafiyayya za ta ture hannunka. In ka ji iska kaɗan da ɗan fito, shi ke nan. Sai a bari ta huce, a zura wani abu mai tsawo a ciki a ji inda ya tokare, ko a kwance salansar gaba ɗaya a gwada hawan nan ba ita. Zatona tsatsar damina ce ta rubza cikinta.

Na gaya wa Ummuhani komai daren jiya, don ba yadda za a yi ta ji a bakin wani. Ta saurara har na gama, ta tashi ta shiga ɗaki. Yau ta ba yara abinci, nawa ta ajiye a bakin ƙofa.

Ka rubuto mini abin da aka yi wa Sa'idu, kada ka rage komai.

Lawal

Gazara
3 ga Fabrairu, 1963

Zuwa ga Lawal.

Gaisuwa. Muna lafiya. Wayarka da takardarka sun iso kusan tare, dukansu bayan an gama. Ka ce kada in rage komai, to ga shi.

An yi zaman. Ɗan'azumi ya ce shi dai ya sayar da kananzir, bai ga inda aka zuba ba. Malam Uwaisu da Sani suka ce sun ga mota ba ta tafiya, iyakar saninsu ke nan. Alƙali ya ce ba ni da shaida, saura rantsuwa a kan wanda ake tuhuma. Aka kai Sa'idu masallaci, ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, ranar kuma ta dace da kasuwa. Ya rantse, aka sallame shi. A bakin masallacin ya miƙo mini makulli da hendil, ya ce in duba akwatin kayan aiki ko akwai abin da ya ɓace. Washegari ya kwashe iyalinsa ya koma Furana.

Ka daɗe a Ikko, amma ba ka manta yadda mutanenmu suke da wanda ya dafa Alƙur'ani ba. Ba a cewa ya fita, sai a zuba ido a ga abin da zai same shi. Ba a jima ba 'yarsa Huseina ta kwanta da ƙyanda, kamar yadda rabin yaran ƙasar nan suka kwanta bana. Nan take aka ce rantsuwa ta fara kama shi. Har a zaurena an faɗa, ban kuma hana ba. Yarinyar ta tashi, alhamdu lillahi, amma maganar ba ta kwanta ba. Na ji ya je Kudan neman tuƙi wurin wani mai babbar mota, aka ce masa a dawo wani lokaci.

Da takardarka ta zo, a zaure na karanta ta. Na aika Zariya aka samo mini wani direba na kwana biyu. Ya tada ta, na kara hannu a bakin bututun. Iskar da ke fitowa ba za ta kashe fitila ba, ga ɗan fiton da ka ce, siriri. Da ta huce na zaro karan dawa daga zana na zura. Bai yi kamu biyu ba ya tokare da abu mai tauri. Muka kwance bututun, muka buga shi da ƙasa. Ba tsatsa ba ce, malam bakanike. Gidan zanzaro ne. Duk daminar da ta yi a rumfa suna ta ɗebo laka suna gini a ciki, ɗaki bayan ɗaki, har cikin salansar. Da aka tada mota zafi ya gasa lakar ta koma kamar kasko, baƙin hayaƙi kuma ya yi ta cike 'yar kafar da ta rage. Mero ta tsaya tana kallon ɓaraguzan, ta ce ai kullum tana ganin shigarsu da fitarsu in ta je ɗebo kara, ba wanda ya tambaye ta.

Ka ce ƙara ce za ta raba gardama. Kara ne ya raba, na dawa, wanda ke jingine da motar tun farko.

Aka mayar da bututu, aka juya hendil. Ta yi wani ruri, doki ya tsinke igiya ya yi cikin rake. Muka haye hawan Kudan a giya ta biyu. Ban ji daɗi ko kaɗan ba.

Ranar Juma'a na tashi a masallacin Gazara na faɗi abin da aka samu, na ɗaga gidan zanzaron kowa ya gani. Aka yi ta dariya, ana Allah mai iko. Waɗanda suka ji sun kai mutum arba'in. Na yi niyyar in yi haka a Makarfi ranar kasuwa, Malam Uwaisu ya ce ba a tara kasuwa don a ce ba a yi sata ba, kowa na ta cinikinsa.

Asabar na sa direban ya kai ni Furana, da ɓaraguzan ƙunshe a tsumma da mazarƙwaila ta yara. Tun kafin mu karya kwanar rugarsu na hango Sa'idu tsaye a bakin hanya da sanda a kafaɗa. Shanun wani kawunsa yake kiwo yanzu. Ya tarbe ni da kyau, ya shimfiɗa mini buzu, aka kawo fura da nono. Ya tambayi Goggo Kulu da gwiwarta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Na kwance tsumman na nuna masa. Ya ɗauki guntu ɗaya ya jujjuya, ya ce ikon Allah, shi duk tunaninsa yana gaba wurin inji, bai taɓa kawo baya ba. Na gaya masa kuskuren karatun da aka yi, cewa kai ƙarar mota kake nufi. Ya ce ya ji daɗin wannan, don abin da ya fi damunsa ke nan, kuma a gaya wa Ummuhani ta saki ranta. Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe duniya da lahira tun a bakin masallaci.

Sai na ajiye makullin a kan buzu, na ce ga motarsa ta warke. Ya ce ya sani, tun muna wajen Saulawa ya jiyo ta, shi ya sa ya fito hanya. Na ce to ai ka ji ƙararta da kunnenka, ta wanke ka.

Ya tura mini makullin a hankali har ya taɓa gwiwata. Ya ce, "Maigida, wannan ƙarar ni da shanu muka ji ta. Waccan kuwa daga Makarfi har Ikara babu wanda bai ji ba."

Ya raka ni har bakin mota, ya nuna wa direban inda take son a ɗan jira ta kafin a sa giya. Direban ya koma Zariya jiya. Motar tana rumfa, na toshe bakin bututun da tsumma.

A gaida Ummuhani, in za ta amsa.

Ja'afaru